Jan Goro a Murfin Filas

Ranar Litinin da hantsi ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai ga Rashida, matar jikana Hussaini, ta fito daga ɗaki a guje, ɗankwali a hannu ɗaya, 'yar rediyonta a ɗayan.

"Hajiya! Hajiya! Ga sunanki a rediyo!"

Na ce, "Ni? Wa na kashe?"

Ta ƙure murya. Sai na ji mai karanta labarai da muryarshi mai kauri yana cewa wai wani sabon bincike da aka yi a nan Katsina ya tabbatar kunun gyaɗa na warkar da raunin ƙwaƙwalwa. Wai 'yan acaɓar da suka faɗi suka bugu a ka, in sun sha kunun, sun fi warkewa ninki biyu. Wai kuma masu binciken sun jinjina wa wata dattijuwa a Ƙofar Kaura, Hajiya Mairo, wadda ta shekara arba'in tana kai wa majinyata kunu.

Wallahi tiren gyaɗar ya kife ban sani ba. Rashida ta rangaɗa guɗa. Kafin in tattara gyaɗar nan gida ya cika da mata. Wannan ta riƙo kwano, waccan ta riƙo jarka, wata ma da bokitin fenti. Akwai wadda rabona da ita tun sunan ɗanta na fari, yanzu kau ɗan har ya yi gemu, ita ce a gaba tana "Hajiyarmu ta kanmu." Na dube ta da kyau, na ce, "Sannu da zuwa, ashe kin san hanya."

Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce in bar shi. Amma abu guda ba ya ɓace mani: wa ya je duba wa. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwon ajali, na san wanda ya zo sau ɗaya, na san wanda ya zo kullum, na san wanda ya aiko da gaisuwa a bakin mutane. Duk wanda ya taka ƙafa ya zo mani, ranar da nashi ya kwanta zai gan ni da filas. Haka abin ya faro. Filas huɗu gare ni: ja, shuɗi, mai fure, da wani mai karyayyen hannu. Kowane na san gadon da ya je, da yadda ya dawo.

Shi Hussaini ɗan ɗiyata ne, acaɓa yake yi. Sati biyar da suka wuce akuya ta gitta mashi kusa da shataletale, ya kauce mata, ya daki ƙasa da kai, ba hular kwano. Kwana tara ya yi a asibiti. Da za a sallame shi likita ya ce kada ya kuskura ya hau babur, kuma ranar Alhamis ɗin nan ya dawo a sake ɗaukar hoton kanshi, don wani lokacin jini kan taru a ciki a hankali mutum bai sani ba. A gaban likitan na miƙa hannu na ce a ba ni mabuɗin babur. Na jefa shi a lalitata, na ɗaure a ƙugu.

Da la'asar ɗin ranar Litinin ina kan tukunya ta uku, hayaƙi ya cika mani ido, daɗi kamar in tashi sama, sai ga Nafisa ta shigo fuska a murtuke. Ita ɗiyar ɗana ce, ma'aikaciyar jinya, kuma ita ce ta bi gadajen asibiti da takarda tana yi wa majinyata tambayoyin binciken nan tare da likitansu.

Na ce, "Ƙawata, taho ki gaida likita. Yau ni da ku aikinmu ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni ɗaki.

"Hajiya, ba haka muka rubuta ba. Wallahi ba haka muka rubuta ba."

"To me kuka rubuta?"

"Mutum sittin da uku muka bi. Tambaya ta fi talatin muka yi masu, kunu guda ce a ciki. Mun ce mun ga waɗanda ake kai wa kunu sun fi samun sauƙi. Mun ce ba mu san dalili ba, mai yiwuwa wani abu ne daban, sai an ƙara bincike. Shi ke nan."

"To ai shi ne rediyo ta ce."

"A'a Hajiya. Rediyo cewa ta yi kunun ne ya warkar da su."

Ta ce akwai wani Ashraf a ofishinsu na GRA, aikinshi rubuta sanarwar da ake raba wa 'yan jarida. Shi ya ɗauki takardarsu mai shafi ashirin ya mayar da ita rabin shafi. Ya tambaye ta ko ta san mai dama kunu, ta ce kakarta, sai ya cusa sunana. Ta buga mashi waya tana faɗa, ya ce mata in ya sa "mai yiwuwa" a sama babu gidan rediyon da zai karanta.

Gaskiya zan faɗa, ban so na ji ba. Shekara arba'in ina jigilar filas a rana, ba wanda ya taɓa faɗin sunana ko a lasifikar masallaci. Na ce, "Nafisa, ki bar ni in ji daɗina ko na kwana biyu ne. Kunu dai bai taɓa kashe kowa ba."

Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita.

Washegari Talata na ga abin da take gudu. Hussaini ya zauna bakin ƙofar ɗakina da filas ja, ya shanye. Ya ce Rashida ta miƙo shuɗin. Shi ma ya kusa gamawa da shi.

Na ce, "Angona, cikin naka rijiya ce? Ka bar wa baƙi."

"Tsohuwa, magani nake sha. Ba ni mabuɗina."

"Wane mabuɗi?"

"Kin ji dai da kunnenki. Bincike ya tabbatar. Ni da nake gida ɗaya da mai maganin, me zan je yi asibiti in yini a layi? Sati biyar ina zaune kamar turmi. Alhamis zan fita aiki."

Na ce mabuɗi na nan inda yake. Ya yi dariya ya ce akwai mai yankan mabuɗi a bakin kasuwa, minti goma ne. Yana cikin dariyar ya ɗaga ludayi da hannun hagu, sai ludayin ya suɓuce ya faɗi, kunu ya fallatsa mashi a wando. Ya ce santsi ne. Ni kau na ga yatsun. Ba su riƙe ba ne. Kuma tun safe ina lura da shi yana runtse ido ɗaya yana dafe gefen kai in ya ga ba mai kallo.

Na aika aka kira Nafisa. Ta zo ta yi mashi bayani, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Su biyun abokan wasa ne, bai taɓa ɗaukar maganarta da nauyi ba.

Ya ce, "Ke 'yar allura, ke da rediyo wa ya fi sani? Ba ku kuka yi binciken ba? Jiya kun ce yana warkarwa, yau don kin ga zan fita ki ce ba haka ba?"

"Ba mu muka ce ba!"

"To a je rediyon a ce ƙarya aka yi, sai in yarda."

Ya tashi ya shige ɗaki yana ɗan jan ƙafa.

Na koma kan tabarma na ajiye filas huɗun nan a gabana, na shiga bin gadaje ɗaya bayan ɗaya a kaina. A cikin mutanen Nafisa, goma sha ɗaya 'yan unguwarmu ne ko na kusa, duk na je masu. Ina bi ina bi, sai na tsaya a kan biyu. Na ce, "Kai! Mairo, ashe kin sani tuntuni."

Ana haka wayar Rashida ta yi ƙara. Gidan rediyo ne. Wai Malam Nu'uman, mai shirin safe da duk garin nan ke saurare, zai zo gobe Laraba ya yi shirin kai tsaye daga tsakar gidana, kuma in akwai waɗanda kunun ya warkar a tara mashi su. Rashida ta hau tsalle. Na ce ta ce mashi ya taho, shaidu kau zai same su.

Nafisa ta ce, "Hajiya, ƙara hura wutar za ki yi?"

Na ce, "Ke dai ki zo da wuri, ki sa fararen kayanki."

Sai na aika gidan Binta maƙwabciyata, na ce gobe ina son ganinta ita da ɗanta Babaji.

Ranar Laraba tun ƙarfe takwas ba wurin taka ƙafa. Mata a tsakar gida, maza a zaure har waje, 'yan acaɓa sun jera babura kamar ana ɗaurin aure. Na sa leshina na zuwa Makka, Rashida ta ɗaura mani ɗankwali har sau uku kafin ya zauna. Ga Malam Nu'uman, ɗan gajere ashe, duk muryar nan a ƙaramin jiki take. Ga wani dogo da farin gilashi da takalmi mai ƙyalli, Nafisa ta raɗa mani shi ne Ashraf. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce na fitar da Katsina kunya. Yaron kirki ne a ido, ba zan ɓoye ba.

Aka zaunar da Hussaini a kujera kusa da ni, ya sha wanka, sai murmushi yake. Ya ɗaga wa abokanshi hannu.

Malam Nu'uman ya yi sallama ga masu sauraro, ya jero kirari har na ji kaina ya yi girma. Sannan ya kawo abin ɗaukar magana kusa da bakina.

"Hajiya, duk Katsina na jin ki. Mene ne sirrin kunun nan?"

Na ce, "Gyaɗa, shinkafa, tsamiya, sukari. In babu tsamiya, lemon tsami. Kowace mace a nan ta iya."

Aka yi dariya. Ya ce, "Hajiya na ɓoye mana sirri."

"Sirri na nan tafe, Malam. Babaji, matso."

Babaji ya matso. Shi ne wanda aka fi nunawa a unguwa, don bara yana acaɓa mota ta buge shi, kwana huɗu bai san inda yake ba, yanzu ga shi garau yana ɗinki a shagonshi.

Na ce, "Babaji, kwana nawa na kai maka kunu?"

"Kwana ashirin da shida, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

"A wane filas?"

"Mai fure."

"To tsakaninka da Allah, duk garin nan na ji, ka taɓa kurɓa ko sau ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ya dubi uwarshi. Ya sosa ƙeya.

"Hajiya... ni tun ina yaro gyaɗa na sa ni ƙaiƙayi."

Tsakar gida ta ɗauki "A'a!" Malam Nu'uman ya buɗe baki.

Na ce, "To wa ke shanyewa? Don filas kullum wayam yake dawo mani."

Na juya wajen Binta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Binta, ba tona maki asiri zan yi ba, halak ɗinki kika sha. Amma murfin filas ɗin nan kullum da jan goro a bakinshi yake dawowa. Babaji ba ya cin goro. Mara lafiyar da ko ruwa sai an ɗura mashi, ina ya ga goro?"

Binta ta saki mayafin ta ce, "To Hajiya a zubar? Ni da nake yini a kan benci ba ci ba sha?"

Wayyo, dariya! Wata har da faɗuwa kan bokitinta. 'Yan zaure suna ta tambaya me aka ce, me aka ce, waɗanda ke da rediyo a kunne suna ba su labari.

Na ce, "Nafisa, da kika zo da takardarki kika tambaye shi ko yana shan kunu, ina ina?"

Ta ce, "Kina tsaye a kanshi, Hajiya. Da filas a hannu."

"To wane ɗan mutunci ne a garin nan zai dubi tsohuwar da ta tako rana ta kawo mashi abu, ya ce bai sha ba? Ko guba na kawo cewa zai yi ya sha, ya ji daɗi."

Ashraf ya matso yana gyara gilashi. Ya ce, "Hajiya, mutum ɗaya ne wannan. Lissafin ya nuna..."

Na ce, "Ɗana, tsaya in ba ka na biyu, sai ka haɗa da lissafin."

Na ba su labarin Idi. Yaro ne daga wani ƙauye can nesa, ya zo birni yana acaɓa da babur ɗin wani, yana kwana a shago. Gadonshi na kusa da na Babaji. Ba wanda ya taɓa zuwa duba shi, shi ya sa na riƙa kai mashi filas mai karyayyen hannu. Yaron nan har murfin yake lashewa. Da Nafisa ta tambaye shi ko ana kawo mashi kunu daga gida, ya ce shi ba ya da gida a nan, aka rubuta babu. Kwana na huɗu na je na tarar da gado wayam. Ya sulale ya koma kan babur, don mai babur ya ce zai ba wani. Bayan sati uku ya yanke jiki ya faɗi a bakin tasha. Yana da rai, 'yan'uwanshi sun zo sun tafi da shi, amma har yau hannunshi ɗaya ba ya aiki.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Na ce, "Malam Nu'uman, ga wanda bai sha ba ya warke, ga wanda ya sha bai warke ba. Babaji kunu bai shiga cikinshi ba, amma Binta na zaune a kanshi kwana ashirin da shida. Ita ke kiran nas in ya yi amai. Ita ta hana shi tashi. Ita ta ja shi ya koma ganin likita har sau uku yana ƙunƙuni. Duk gadon da ka ga filas, akwai mai zama a gefenshi. Filas ba ya zuwa da ƙafarshi. Yaran nan sun ga filas sun rubuta, kuma sun ce ba su tabbatar ba. Shi wannan ɗan nawa mai gilashi ya ga 'ba mu tabbatar ba' ta yi mashi tsawo, ya yanke."

Aka sake fashewa. Ashraf ya yi murmushin dole, ya ce za su fitar da ƙarin bayani.

Malam Nu'uman kau ya ji shiri ya yi daɗi, sai zumuɗi yake. "To Hajiya, kina nufin kunu ba magani ba ne?"

"Abinci ne, Malam. Mai daɗi kuwa, nawa ya fi na kowa. Amma bai san hanyar ƙwaƙwalwa ba."

Sai na juya kan Hussaini. Murmushin ya tafi tuntuni. Na ɗebo kunu a ludayi, na cika shi taf.

"Angona, ka fi kowa sha a garin nan, filas biyar cikin kwana biyu. Karɓi da hagu, ka miƙa wa Malam."

Ya ce, "Haba tsohuwa."

"Karɓi mana. Ba ka warke ba?"

Ya karɓa. Ya ɗaga. Yatsun suka saki, ludayin ya karkace, kunu ya zuba a kan takalmin Ashraf mai ƙyalli. Wani daga cikin abokanshi a bakin zaure ya ce, "Kai Hussaini, wallahi ba ka ɗaukar mani fasinja a haka."

Na sassauta murya, amma na bar bakina kusa da abin maganar. "Jiya ka ce in rediyo ta ce ba haka ba ne za ka yarda. To ga rediyo. Malam, faɗa mashi."

Malam Nu'uman ya gyara murya, irin wadda yake karanta sanarwar rasuwa da ita, ya ce, "Malam Hussaini, gidan rediyo na umartar ka da ka tafi asibiti."

Hussaini ya dubi hannunshi. Ya ce a hankali, "Kan ma tun shekaranjiya yake sara mani."

Nafisa ba ta bari an kai Alhamis ba. Nan take ta tare Keke Napep, ni da ita da Rashida muka sa shi a tsakiya, leshina da komai. Aka ɗauki hoton. Likita ya kira mu ya nuna mana wani farin abu kamar jinjirin wata a gefen kan, ya ce jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa, shi ya sa hannun ke saki. Ya ce gara da aka zo yau. Washegari, ranar da Hussaini ya ce zai hau babur, aka shiga da shi aka zuƙe jinin.

Ƙarin bayanin Ashraf ya fito bayan sati guda, Nafisa ta karanta mani. Layi uku ne, har da "mai yiwuwa" guda biyu. Ban ji an karanta shi a ko'ina ba. Mata kau har yau suna zuwa da kwano, wai dai a taɓa albarka. Ina zuba masu. Amma sai na tambaya wa ke kwance, kuma wa ke zaune a kanshi. In aka ce ba kowa, in ce to ke ce, ɗauki tabarma.

Kwana biyu bayan aikin na shiga ɗakin da Hussaini yake, kai naɗe da bandeji, Rashida na gefenshi tana mashi fifita. Na ajiye filas ja a kan durowa. Ya kalle shi, ya kau da kai.

"Tsohuwa, don girman Allah, ba koko a garin nan?"

Na ce, "Matse mani hannu tukuna. Da hagun."

Ya matse har sai da zobena ya shige mani a yatsa. Na ce to gobe koko. Ya ce mabuɗin fa? Na shafa ƙuguna, na ce yana nan yana gaishe ka, sai ranar da likita ya faɗa da bakinshi, ina tsaye.

Da zan fita na hangi gadon ƙarshe, wani yaro kwance shi kaɗai, ba ko kofi a durowarshi. Na dawo na ɗauki filas ɗin, na ja kujera.